Aretha Franklin: an yaba murya, an manta da hannun da ke kan fiyano

Duk wanda ya tashi maganar Aretha Franklin, mawaƙiyar nan baƙar fata ta Amurka, da murya yake farawa, da murya yake ƙarewa. Baiwa ce daga Allah, in ji su, shi ke nan an rufe zance. Ba musun baiwar nake yi ba. Amma majami'un baƙar fata na birnin Detroit sun yi mata masu murya bila adadin waɗanda suka rayu suka mutu ba wanda ya san su a wajen unguwarsu. Ita kanta Aretha, da wannan muryar ta yi shekara shida a kamfanin faifai na Columbia, daga 1960 zuwa 1966, ba ta yi wani tashe na a zo a gani ba. Shekara ɗaya bayan ta bar su, duniya ta ɗauka. Muryar ba ta canja ba a tsakanin. Abin da ya canja shi ne wurin da aka zaunar da ita da kuma wanda ke jan ragamar kiɗan. A ganina nan ne tarihinta yake: duk inda aiki ya kasance a hannunta, an samu abin da har yau ake saurare, duk inda ya koma kan takarda, ko a hannun wasu, sai an yi asara.

An haife ta ranar 25 ga Maris, 1942 a Memphis, jihar Tennessee, ta tashi a Detroit. Mahaifinta, Fasto C. L. Franklin, shi ne limamin majami'ar New Bethel Baptist, kuma mai wa'azi ne da ake ɗaukar wa'azinsa a faifai ana sayarwa kamar waƙa. Mahaifiyarta Barbara mawaƙiya ce, tana kuma kaɗa fiyano. Ta rabu da mijinta ta koma Buffalo, ta rasu a 1952, Aretha ba ta cika shekara goma ba. Gidan faston masauki ne na manyan mawaƙan coci: Clara Ward, Mahalia Jackson, James Cleveland, Sam Cooke. Yarinyar ba ta koyi karanta rubutun kiɗa ba. Da kunne ta koyi fiyano, James Cleveland yana nuna mata yadda ake haɗa sautuka. Tana shekara 14, a 1956, aka fara ɗaukar muryarta a cikin majami'ar mahaifinta. Kafin ta cika 16 tana da 'ya'ya biyu, ta bar makaranta, kakarta ce ta taya ta reno. Masu rubuta tarihinta sukan tsallake wannan da sauri, ita ma ba ta taɓa son a tone shi ba, amma wanda zai saurari yadda take rera baƙin ciki ya kamata ya san cewa ba a sutudiyo ta koye shi ba.

Ya kamata a tsaya a fayyace me cocin ya koya mata, domin mutane sukan ce "daga coci ta fito" kamar wannan kaɗai ya isa bayani. Sana'a ce mai ƙa'idoji.

Na farko shi ne amshi. A majami'ar Baptis ta baƙar fata, mai waƙa ba ya waƙa shi kaɗai: yana jefa baiti, 'yan amshi su cafe, jama'a su ƙara nasu. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, don ya san cewa makaɗi komai gwanintarsa, in 'yan amshi suka yi sanyi, waƙa ta mutu. Abin da mai jan baiti yake koya shi ne barin gurbi. Ba ya cika layi da murya har ƙarshe. Yana yanke numfashi a daidai inda amshi zai shigo, sannan ya dawo a kan wutsiyar amshin kafin ya ƙare. In ya dawo da wuri sai su yi karo, in ya makara sai zafin ya huce.

Na biyu shi ne jan gaɓa. Ana ɗaukar gaɓa ɗaya ta kalma a bi da ita ta kan sautuka biyar, shida, goma. Wannan shi ne abin da mawaƙan da suka biyo bayanta suka fi kwaikwaya, kuma shi suka fi ɓatawa. Su suna jan kowace gaɓa don a ji iyawarsu. Ita tana iya rera layi uku a miƙe, ba ado, sai a kalma ɗaya, wadda ma'anar baitin ta rataya a kanta, ta buɗe murya. Adon da aka zuba ko'ina ba ya nuna komai.

Na uku shi ne lokaci. Ganga tana tafiya a kan bugunta, ita kuma muryar tana biye a baya kaɗan, kamar mai jan ƙafa, sai a wurin da ake so jama'a su miƙe ta riski bugun ta hau kansa. Ba a rubuta wannan a takarda. Kuma ba zai yiwu ba sai in makaɗa suna bin mawaƙiyar, ba ita ke bin su ba.

Nan fiyano ya shigo. Ba irin fiyanon sutudiyo da muka saba da shi nake nufi ba, wanda ake danna maɓalli ya saki kiɗa da kansa. Na katako ne mai maɓallai 88 da igiyoyin ƙarfe a ciki, ƙarfin yatsa ne ke sa ya yi ƙara ko ya yi laushi. In Aretha ta zauna a gabansa, hannun hagu yana riƙe da bugu da kaurin sauti, na dama yana amsa wa muryarta. Ke nan ita ce mai baiti, ita ce 'yar amshin farko, ita ce mai riƙe lokaci. Mai ganga da mai jita sai dai su kalli kafaɗarta su bi.

To abin da Columbia ta rage mata ke nan. John Hammond, wanda ya ɗauke ta, ya san darajar abin da ya samu, kuma akwai faya-fayen wannan zamanin da ta kaɗa fiyano a cikinsu, wasu ma suna da daɗi ƙwarai. Ba adalci ba ne a ce shekarun shida duk shara ne. Amma yawanci tsarin shi ne a zo mata da tsofaffin waƙoƙin dandali da na jaz, an riga an rubuta wa masu goge da masu busa abin da za su yi, ita kuma ta tsaya gaban makirfo ta shiga inda aka bar mata. Kiɗan da aka rubuta ba ya jira. Ba za ka ja ƙafa ba, don mutum ashirin suna bin takarda. Waƙarta da ta fi nisa a jadawalin Billboard na gama-gari, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a wancan lokacin lamba ta 37 ta kai, a 1961. Ga kuma tsada: kuɗin sutudiyo da na makaɗa, kamfani yana rubuta su ne bashi a kan mawaƙi, sai an cire su daga kasonsa na cinikin faifai kafin ya ga sisi. Babbar ƙungiyar makaɗa babban bashi ce. Ta bar kamfanin faya-fayenta ba su mayar da abin da aka kashe ba.

A ƙarshen 1966 ta koma kamfanin faifai na Atlantic, hannun furodusa Jerry Wexler. Abin da ya yi bai da wuyar faɗa: ya mayar da ita kan fiyano. A watan Janairun 1967 ya kai ta sutudiyon FAME na Rick Hall a Muscle Shoals, jihar Alabama, inda makaɗa ba sa aiki da rubutaccen kiɗa. Yadda suke yi shi ne mawaƙi ya rera waƙar, kowa ya lalubi nasa ɓangaren da kunne, a maimaita har ta zauna, sannan a ɗauka. Aretha ta zo da waƙar "I Never Loved a Man (The Way I Love You)" ta riga ta tsara ta a kanta. Da farko makaɗan sun rasa ta inda za su shiga, sai Spooner Oldham ya samo 'yar gajeriyar jimlar kiɗa a kan fiyanon lantarki na Wurlitzer, ita ta hau kai da nata fiyanon, sauran suka biyo. Yawancin makaɗan nan fararen fata ne 'yan karkarar kudu, a jihar da wariyar launin fata ta yi katutu. Wannan abin lura ne ga masu cewa kiɗan soul, wato waƙar duniya mai salon cocin baƙar fata, jini ne kawai.

Zaman bai kai kwana biyu ba. Rigima ta tashi tsakanin mijinta na lokacin, Ted White, wanda shi ne manajanta, da ɗaya daga cikin masu busa, daga baya ta haɗa da mai sutudiyon. Aka watse da waƙa ɗaya cikakkiya da rabin ta biyu. Wexler ya kwaso makaɗan zuwa New York aka ƙarasa a can. Waƙar farkon ta sayar da fiye da miliyan ɗaya.

A New York ɗin ne, ranar 14 ga Fabrairu, 1967, aka ɗauki "Respect", wato girmamawa. Mawaƙi Otis Redding ne ya rubuta ta ya fitar a 1965, kuma a bakinsa magana ce ta magidanci da ya dawo gida da kuɗi yana neman a girmama shi. Aretha ba ta sauya yawancin kalmomin ba. Ta sauya mai magana, ta sauya ginin. Ta sa 'yan'uwanta mata, Erma da Carolyn, su zama 'yan amshi, sai waƙar ta tashi daga koken mutum ɗaya ta zama taron mata suna mara wa juna baya. Aka saka busar saksafon ta King Curtis a tsakiya. Sannan aka kawo wurin da kiɗa ke tsayawa cak, ta jero haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya, kafin 'yan amshin su rufe da gudu. Duk wannan a cikin minti biyu da rabi. A watan Yuni ta hau lamba ta ɗaya a Amurka, ta ciyo mata kyautar Grammy biyu. Daga 1968 zuwa 1975, shekara takwas a jere, ita ke karɓar kyautar mace mafi iya rera waƙar R&B, salon kiɗan baƙar fatan Amurka. Jimillar Grammy da ta ci a gasa 18 ne.

Yanzu a duba takarda. Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu: na rubutacciyar waƙa, wato kalmomi da karinta, wanda na marubuci ne da kamfanin da ke kula masa da ita, da na sautin da aka ɗauka, wanda galibi na kamfanin faifai ne, mawaƙi yana da kaso a ciniki. A dokar Amurka, gidajen rediyon AM da FM marubuci suke biya, ba sa biyan wanda ya rera. Amshin da Aretha ta ƙirƙira, da jeren haruffan, da duk abin da ya sa waƙar ta zama tata, a idon doka gyaran tsari ne, ba rubutu ba. Saboda haka duk lokacin da rediyo ya sa "Respect" da muryarta, kuɗin ɓangaren Otis Redding yake tafiya, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1967. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan ba laifin gardin ba ne, tsarin ne haka. Waƙoƙin da ta sa hannu a rubutunsu, irin su "Think" da "Rock Steady" da "Day Dreaming", su ne ke kawo mata kuɗin rediyo. Sai a Oktoban 2018, wata biyu bayan rasuwarta, aka sa hannu a dokar da ta tabbatar wa faya-fayen da aka ɗauka kafin 1972 biya daga kafofin sauraro na intanet da na tauraron ɗan'adam. Rediyon gargajiya har yanzu bai shiga ciki ba.

Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin ɗabi'ar da aka san ta da ita ba: a biya ta tsabar kuɗi kafin ta hau dandali, ta zuba a jaka, ta hau da jakar ta ajiye inda idonta zai riƙa ganinta. An yi ta yi mata dariya a kan haka. Amma ta tashi tana ganin yadda ake cinye wa mawaƙa baƙar fata guminsu bayan an tashi daga wasa.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara, kuma daga cikin cocin ya fito. Mutanen coci da yawa suna ganin kiɗan soul sata ce: an ɗauki salon da aka gina don yabon Ubangiji an kai shi gidan rawa. Ray Charles ya sha wannan zargi tun 1954. Sam Cooke, da zai fitar da waƙar soyayyarsa ta farko, sai da ya ɓoye a bayan sunan Dale Cook don kada masoyansa na coci su gane shi. Mahalia Jackson ta ƙi waƙar duniya, ta ƙi gidajen rawa, duk da kuɗin da aka yi mata tayi. Mai karatu da ya san muhawarar da ake yi a kan shigar kiɗan fiyano cikin waƙoƙin bege zai gane yanayin gardamar, ko da yake addinin da tarihin daban ne. Ƙorafin yana da tushe, don salon da ke sa jama'a kuka a coci shi ne dai aka sayar a kasuwa. Sai dai iyakar ba ta taɓa zama a miƙe ba. Thomas Dorsey, wanda ake kira uban waƙar bishara ta zamani, makaɗin waƙar duniya ta blues ne kafin ya koma coci, kuma da kayan can ya zo. Aretha kuwa ba ta ɓoye suna ba, mahaifinta fasto ne ya sa mata albarka ta tafi New York, kuma da Mahalia ta rasu a 1972, ita ta yi waƙa a jana'izarta a Chicago.

Amsarta ta gaskiya ga masu ƙorafin ita ce faifan "Amazing Grace". A ranakun 13 da 14 ga Janairu, 1972, tana kan ganiyarta, ta shiga majami'ar New Temple Missionary Baptist a Los Angeles tare da James Cleveland da ƙungiyar mawaƙansa ta Southern California Community Choir, Alexander Hamilton yana ba su hannu. Ta zo da makaɗanta na waƙar duniya: Bernard Purdie a ganguna, Chuck Rainey a jitar bes, Cornell Dupree a jita. Ba a yi shi a sutudiyo ba saboda dalilin da aka faɗa a sama: jama'ar da ke zaune a benci su ma kayan kiɗa ne, ihunsu da tafinsu ne ke gaya wa mawaƙiya ta ƙara ko ta sassauta. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta ta kusa minti 11, kusan ba bugun ganga, lokacin duk yana bin numfashinta. Faifan ya sayar da fiye da miliyan biyu a Amurka, ya fi kowane faifanta ciniki. Waƙar coci ce ta yi wannan, ba ta soyayya ba.

A waɗannan darare biyu ma an yi ɓarnar da ta ci shekara 46. Kamfanin Warner ya turo darakta Sydney Pollack ya ɗauki taron a fim. A fim na wancan zamani, kyamara hoto kawai take ɗauka, sauti yana tafiya a wani tef daban. Abin da ke haɗa su shi ne ɗan allon nan mai baki biyu da ake bugawa a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka: mai tacewa ya nemo hoton da bakin allon ya haɗu, ya nemo ƙarar "ƙas" a tef, ya daidaita su, sauran duk su bi. Ma'aikatan Pollack ba su buga allon ba. Kyamarori da yawa, kowace tana kunnawa tana kashewa yadda ta ga dama, aka tashi da kusan awa 20 na hoto a gutsattsare ba alamar inda kowane guntu ya dace da sauti. An gwada karanta leɓe, abin ya faskara, aka jibge gwangwanayen a sito. Sai da na'urorin kwamfuta suka zo, wani furodusa mai suna Alan Elliott ya karɓi aikin ya daidaita. Sannan ita Aretha ta kai ƙara kotu ta hana a nuna, har da hana shi a bikin fina-finai na Telluride a 2015, a kan cewa ba a yi amfani da hotonta ba sai da izininta. Wasu sun ga rowa ce. Ni ina ganin macen da ta ga abin da ya faru da "Respect" tana da hujjar ƙin sakin fuskarta kafin a daidaita. An fara nuna fim ɗin a Nuwamban 2018, da yardar iyalinta.

Batun gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata ba sai an ja shi ba, don gado ta yi. Mahaifinta na cikin waɗanda suka shirya tattakin Detroit na 23 ga Yuni, 1963, inda mutum wajen 125,000 suka fito, Martin Luther King ya yi jawabi. A 1970, da aka kama 'yar gwagwarmaya Angela Davis, Aretha ta fito fili ta ce za ta biya belinta, a lokacin da irin wannan magana tana iya rufe wa mawaƙi ƙofofi. A 1987 ta zama mace ta farko da aka shigar zauren girmamawa na Rock and Roll. A 1998, mawaƙin opera ɗan Italiya Luciano Pavarotti ya kasa fitowa bikin Grammy saboda rashin lafiya, ta tsaya a madadinsa ta rera waƙar opera ta Italiya a kan tsarin da aka shirya don muryarsa, da sanarwar 'yan mintuna. Kunnen da ya koyi fiyano ba takarda ne ya yi wannan aikin.

Takarda ta ƙarshe ita ce wasiyya. Ta rasu a Detroit ranar 16 ga Agusta, 2018, tana da shekara 76, sanadin ciwon daji a gaɓar ciki da ake kira fankiriyas. Da farko an ɗauka ba ta bar wasiyya ba. A wurin Musulmi rabon gado yana da ƙa'idarsa, wasiyya ba ta wuce sulusi. A jihar Michigan kuwa abin da mamaci ya rubuta shi ke raba dukiyar, in babu sai doka ta raba. A 2019 aka tsinci takardu da rubutun hannunta: na 2010 a cikin kabad mai makulli, da wata ta 2014 a cikin littafin rubutu a ƙarƙashin matashin kujerar falo. Ba su yi daidai da juna ba a kan wa zai samu me a cikin 'ya'yanta maza huɗu. Dokar Michigan tana karɓar wasiyyar hannu ko ba shaidu, muddin akwai kwanan wata, da sa hannu, kuma muhimman sassan da hannun mai ita aka rubuta. Matsalar ita ce ta 2014 cike take da goge-goge da rubutun gefe mai wuyar karantawa, ga hukumar haraji tana bin miliyoyin daloli. Sai a Yulin 2023, kusan shekara biyar bayan rasuwarta, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ta ƙarƙashin kujerar ita ce wasiyya. Duk tsawon lokacin nan lauyoyi suna cin nasu daga cikin dukiyar.

Wanda yake so ya ga abin da nake nufi da idonsa, ya nemi hoton bikin Kennedy Center na Disambar 2015, inda aka karrama marubuciyar waƙa Carole King. Aretha, tana da shekara 73, ta fito cikin doguwar rigar gashi, riƙe da jakarta. Ta ɗora jakar a kan fiyano, ta zauna, ta kaɗa buɗewar waƙar "(You Make Me Feel Like) A Natural Woman", wadda Carole King ke cikin marubutanta, da hannunta kafin ta buɗe baki. Carole King ta dafe baki don mamaki, Shugaba Obama yana share hawaye tun ba a yi nisa ba. Sai da waƙar ta zauna daram a inda take so, sannan ta miƙe ta bar wa makaɗa fiyanon, ta tako gaban dandali, ta zame rigar ta yar a ƙasa.